Jar Fitilar Birkin da Ba Ta Taɓa Kamawa Ba: Gyaran Wata Tsohuwar Hilux

Motar Toyota Hilux ce a-kori-kura, irin zubin da aka ƙera tsakanin 1988 da 1997, mai injin dizal 3L, wato mai lita 2.8. Aikinta jigilar hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, wani lokaci kuma a yi mata lodin albasa zuwa Jos ko gaba da nan. Ba matsalar waya ce ta kawo ta gareji ba. Direban ya taka birki a wata gangara da lodi a baya, birkin ya nutse kusan ƙasa kafin motar ta ji, da kyar ya tsayar da ita da giya da birkin hannu. Bakaniken da rumfarsa ke kusa da tawa ya ciro dram na baya, ya tarar fot ɗin hagu, wato 'yar silindar da mai ke turawa ta matsa lainin birki a jikin dram, ya daɗe yana yoyo, lainin ya jiƙe sharkaf, ɓangaren tulun mai da ke ciyar da ƙafafun baya kuma ya kusa ƙafewa. Ya canza fot, ya canza lainin, ya fitar da iska, birki ya dawo daidai. A wajen wani da nan magana ta ƙare. Shi kuwa sai ya tambayi direban ko jar fitila ba ta kama a dashbod ba duk tsawon lokacin da man yake raguwa. Direban ya ce tun da aka ba shi motar bai taɓa ganin wata fitilar birki a gabansa ba, bai ma san akwai ta ba. A nan aka turo min motar, ni mai aikin waya.

Mai motar da kansa ya zo, dattijo ne ɗan kasuwar hatsi. Da na fara yi masa bayani sai ya katse ni, ya ce, "Malam, ai fitilun birkin suna kamawa, jiya-jiyan nan na tsaya a bayanta na gani." Na ce, "Alhaji, waɗanda kuka gani na baya ne, na mai bin ku a hanya. Wadda nake nufi tana gaban direba, ita ce ke gaya masa birkinsa na da damuwa." Wannan ruɗanin ya zama ruwan dare, kuma ba a wajen masu mota kaɗai ba, har a wajen yaran da ke koyon aikin waya. Fitilun baya suna da fis ɗinsu daban, suwic ɗinsu yana saman abin taka birki, kuma shi ne yake ba su wuta in an taka. Ta dashbod kuwa tsarinta juye yake da wannan, duk kuma matsalar motar nan daga wannan juyin ta taso.

Yadda fitilar take samun wuta

Da zarar an buɗe makulli, wuta takan bi ta fis ɗin da aka rubuta wa GAUGE ta zo ta tsaya a ƙafa ɗaya ta ƙwan fitilar. Ba suwic ko ɗaya tsakanin fis da ƙwan. Abin da ƙwan ke jira shi ne bodi. Ɗayar ƙafar tasa waya ce guda da ta rabu gida-gida, kowane reshe ya tafi wajen wani suwic da zai iya haɗa shi da jikin mota. Kamar kwatar ban-ruwa ce da ruwa ke tsaye a cikinta, ga bakuna uku ko huɗu a toshe da laka, kowanne aka buɗe ruwa ya gudana. Reshe na farko yana zuwa wajen birkin hannu. Na biyu yana zuwa tulun man birki, inda wata 'yar fulota mai maganaɗisu take yawo a saman mai, in mai ya yi ƙasa ta sauko kusa da wani ɗan suwic da aka rufe cikin gilashi, maganaɗisun ya haɗa harsunansa biyu. Na uku na masu dizal ne. Injin dizal ba ya samar da zuƙar iskar da sabo, wato tukunyar da ke ƙara wa takun birki ƙarfi, ke bukata kamar yadda injin fetur ke yi, shi ya sa aka manna masa famfon zuƙa a bayan altaneta, aka kuma sa suwic a layin domin ya faɗa in zuƙar ta yi rauni.

Akwai reshe na huɗu da ba suwic ba ne, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci. Wani ɗan dayod ne, abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, a bayan allon dashbod da ya haɗa wayar fitilar birki da wayar fitilar caji. Kafin a tayar da inji, altaneta takan ja wayar fitilar caji zuwa bodi, shi ya sa hoton batir ke kamawa in ka buɗe makulli. Ta cikin dayod ɗin nan fitilar birki take samun nata bodin a wannan ɗan lokacin, sai ta kama tare da ta caji ko da birkin hannu yana sauke. Inji na tashi altaneta ta fara caji, wayar ta hau zuwa kusan bolt 14, su biyun su mutu tare. Wannan kamawar ta daƙiƙu kaɗan ita ce shaidar da direba ke samu kowace safiya cewa ƙwan na da rai.

Dalilin da ya sa aka yi wahalar saka wannan reshen a bayyane yake in mutum ya duba tsarin. Idan waya ta yanke, ko ƙwai ya mutu, ko soket ya zare, fitilar mutuwa take yi. Idan birki lafiya lau yake, nan ma a mace take. Direba ba shi da hanyar bambance biyun da ido. Motar Alhaji ta daɗe tana nuna wa direbobinta duhu, kowa yana ɗauka lafiya ce.

Bin sawu

Na buɗe makulli. Fitilar caji ta kama, ta tace-mai ta kama, gurbin da aka rubuta BRAKE kuwa baƙi ƙirin. Na ja birkin hannu, na sake shi, shiru. Tunda allurar mai da ta zafin inji suna motsi, fis ɗin ba shi da laifi, don daga wuri ɗaya suke shan wuta. Yarona ya kwance allon dashbod, muka juya bayansa. Gurbin ƙwan a buɗe yake, ba ƙwai, ba ma 'yar robar da ke riƙe shi, sai ƙura da ta taru a bakin ramin har ta yi kauri. Wanda ya cire shi ya daɗe da cirewa.

Ba a cire ƙwai haka kawai. Mataccen ƙwai a wurinsa ake barin shi, wanda ake zarewa shi ne mai rai da ya dami mutane. Na saka sabo, ɗan ƙarami mai wat 1.4, na buɗe makulli, ya kama jajir. Na tayar da inji, ta caji ta mutu, shi yana nan. Na sauke birkin hannu, yana nan. Tulu kuwa cike yake da sabon man da bakanike ya zuba. Yarona ya ce, "Oga, ai shi ya sa suka cire." Haka ne, amma hakan na nufin wani reshe yana taɓa bodi ba dare ba rana, shi ne abin nema.

Hanyar neman ba ta da wuya, haƙuri kawai take so. Ana zare suwic ɗaya bayan ɗaya ana kallon fitila. Na zare na birkin hannu, ba canji. Na zare na zuƙar iska, ba canji. Dayod kuma na cire shi daga zargi tun a nan, domin in da ta nan bodin ke zuwa, da fitilar ta mutu lokacin da altaneta ta fara caji. Saura na tulun mai. Da na leƙa sai na ga soket ɗinsa yana reto shi kaɗai a gefen masta, wato famfon da ke tura man birki in an taka, bakinsa cike da jar ƙasa, babu wata waya daga jikin mota da ta zo ta same shi.

A nan tarihin motar ya shigo. Sitiyarinta a hagu yake, amma ba a haka aka haife ta ba. Alamu suna nan ga mai duba: walda a bangon da ya raba inji da ɗakin direba, tsohon ramin sandar sitiyari a dama an toshe shi da faranti, waifa kuma tana shara ta ɓangaren fasinja fiye da na direba. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilun 1972, hukumomi kuma ba sa amincewa da mota mai sitiyari a dama, saboda haka duk wadda aka shigo da ita daga ƙasashen da ke tuƙi a hagu sai an juya ta. Masu juyin sukan mai da hankali kan abin da mai saye zai gwada: sitiyari, birki, kuloc, fitilun gaba, hon. Masta da sabo sun tashi daga dama sun koma hagu, an ja musu sabbin bututai. Wayoyi biyu 'yan sirara da ke zuwa tulun mai kuwa ba su kai sabon wurin ba, ba kuma wanda ya damu ya ƙara musu tsawo.

Na koma dama, inda masta yake a da, na bi damin wayoyin da hannu har na ji wani ƙulli a ƙarƙashin tsohon salatif da ya narke ya zama kamar kwalta. Da na warware sai ga su biyu, an datse su da filaya a sara ɗaya, an naɗe su a tef ɗaya. Ɗaya fara ce mai baƙin layi, wadda duk mai aikin Toyota ya san ita ce bodi. Ɗayar ita ce mai zuwa ƙwan. Ranar da aka naɗe su wataƙila ba su taɓa juna ba. Zafin inji da girgizar hanya suka sa robar ta ja baya, tagulla ta fito, bakunan suka haɗu har suka yi kore tare. Daga ranar fitila ta kama ta ƙi mutuwa. Aka kai wa wani mai waya, ko dai ya nema bai samu ba ko bai ma nema ba, ya zare ƙwai ya karɓi kuɗinsa. Ina raba bakunan biyu, yarona ya yi kira daga cikin mota cewa ta mutu.

Mayar da rassan ɗaya bayan ɗaya

Jan waya daga dama zuwa hagu ƙaramin aiki ne, amma akwai wurin da ake yin ganganci. Wutar da ke bin ta kaɗan ce ƙwarai, ƙwai mai wat 1.4 a kan bolt 12 bai fi kashi ɗaya cikin takwas na amfiya yake ja ba, don haka kaurin waya ba abin damuwa ba ne. Abin damuwa shi ne jikinta da hanyar da ta bi. Na yi amfani da wayar mota ta ainihi da na yanko daga wani tsohon damin wayoyi, ba wayar rediyo ba, na haɗa da dalma, na sa robar da ke tsukewa da zafi a kan kowane haɗi daban, sannan na zura su cikin bututun roba na bi da su ta saman bango, nesa da salansa da duk wani ƙarfe mai kaifi. Na ja duka biyun, har da farar. Wasu sukan ja ɗaya kawai su ɗaure ɗayar ƙafar suwic ɗin a kan noti mafi kusa, a jikin masta ko sabo. Zai yi aiki yau, amma wurin nan man birki yana ɗiga, yana cin fenti, tsatsa ta biyo baya, bodin ya ɓace a hankali ba tare da wata alama ba, a koma gidan jiya.

Kafin in haɗa soket sai da na gwada suwic ɗin tulun shi kaɗai da mitar gwaji. Ina jan kunnen yara a kan wannan: kada a gwada shi da testa mai ƙwan sigina. Ƙwan sigina wat 21 ne, yana jan wuta fiye da amfiya ɗaya da rabi, harsunan da ke cikin gilashin nan kuwa sirara ne da aka yi don ƙaramar wuta. Sau ɗaya ya isa ya manne su, sai ka zo kana cewa suwic ɗin dama a lalace yake alhali kai ka kashe shi. Na danna fulota ƙasa da tsabtatacciyar sukudireba, mita ba ta motsa ba. Na sake dannawa da ɗan ƙarfi sai na ji ta ƙwace daga wani abu. Baƙin dauɗa ne ya taru a hanyar da take hawa da sauka, irin wanda tsohon mai da ɓarɓashin roba ke bari. Bakanike ya zuba sabon mai ne a kan tsohuwar dauɗa. Ke nan ko da wayoyin suna haɗe, fulota ba za ta sauka ba ranar da mai ya zube. Muka cire tulun, muka wanke shi da sabon man birki, ba da fetur ko dizal ba, domin ko ɗigon waɗannan ya shiga layi robobin birki kumbura suke yi. Bayan nan fulota na sauka mita na kuka, tana hawa mita na yin shiru.

Birkin hannun irin na jawowa ne daga ƙasan dashbod. Suwic ɗinsa waya ɗaya gare shi, bodinsa kuma daga ƙarfen da aka ɗaure shi a kai yake samu. Masu juyi sun yi wa ƙarfen walda a sabon wuri, sun fesa masa baƙin fenti mai kauri, sannan suka ɗaura suwic a kan fentin. Na kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, na sa ɗan zoben ƙarfe mai haƙora, na ɗan lanƙwasa mariƙin don sandar ta riƙa danne kan suwic ɗin sosai in an sauke birki. Wannan bai ɗauki lokaci ba.

Daga nan na ɗauka an gama, sai gwajin buɗe makulli ya nuna saura. Birkin hannu a sauke, inji a kashe, ta caji ta kama, ta birki ba ta kama ba. Dole ne a nan in cire soket ɗin suwic ɗin zuƙa kafin in yi gwajin, domin in sabo ba iska a cikinsa shi ma zai kunna fitilar, mutum ya zaci dayod ne ke aiki. Muka sake juya allon. Bayansa wata takarda ce ta roba mai layukan tagulla, a kusa da dayod ɗin kuwa layi ɗaya ya ƙone ya tashi kamar gashi, dayod ɗin kansa ya tsage. Ga alama a can baya wani ya zo neman laifin da wayar batir a hannu, yana taɓa wurare yana kallon abin da zai kama, ya aika wuta kai tsaye ta inda ƙwai ne kawai ya kamata ya rage mata ƙarfi.

Maimakon in yi ta fama da takardar da ta riga ta yi rauni, na saka sabon dayod a waje, a kan wayoyin da ke shiga soket ɗin allon. 1N4007 na yi amfani da shi, wanda ake samu a wajen duk mai gyaran rediyo, yana ɗaukar amfiya ɗaya, ya ninka abin da ake bukata sau da yawa. Abin kula shi ne fuskarsa. Ɓangaren da ke da zoben azurfa yana kallon wayar fitilar caji, ɗaya ɓangaren yana kan wayar fitilar birki, ta gefen da ke zuwa suwic-suwic. A haka wuta na iya fita daga ƙwan birki ta nemi bodi a altaneta in inji a kashe yake, amma birkin hannu ba zai iya jan wayar caji zuwa bodi ba. In aka juya shi, gwajin safiya ba zai yi ba, kuma duk lokacin da aka ja birkin hannu inji na aiki wayar da ke fitowa daga altaneta ce ake bugawa da bodi, abin da ke iya ƙona ragileta. In kuma aka ce ai waya zalla ma ta isa, ba sai da dayod ba, to an haɗa matsalolin biyu wuri guda. Fitilar takan ɗan fi dushewa a lokacin gwajin safiya fiye da in birkin hannu ne ya kunna ta, saboda dayod yana cin kusan bolt 0.7. Wannan ba laifi ba ne.

Yarona ya so mu sa ƙwan LED don ya fi haske. Na ƙi. Shi LED ko 'yar wutar da ke tsiyaya ta cikin laima a soket ta isa ta sa shi ya yi ja-ja da damina, fitilar gargaɗi kuma in ta saba yin ja-ja ba dalili, ƙarshenta wani ya sake zare ta.

Suwic ɗin zuƙa na ƙarshe na gwada, da mita a kansa kai tsaye. Inji a kashe, aka tattaka birki har ya yi tauri, suwic ya haɗe. Aka tayar da inji, cikin daƙiƙu kaɗan ya buɗe. Shi kaɗai ne a duk rassan ba wanda ya taɓa lalata shi. Na kira direban na nuna masa wani abu game da irin wannan injin. Tunda famfon zuƙa a bayan altaneta yake, bel ɗaya ke juya su. In yana tafiya ya ga fitilar caji da ta birki sun kama tare, kada ya ce ai batir ne kawai, bari in ƙarasa gari. Mai yiwuwa bel ne ya tsinke, iskar da ta rage a sabo kuma taku kaɗan za ta yi masa, daga nan birki ya koma dutse a ƙarƙashin ƙafarsa da tan guda na masara a baya.

Alhaji ya ɗan yi ƙorafi da ya ji kuɗin aiki, ya ce duk wannan a kan ƙwai ɗaya da bai kai kan ɗan yatsa ba. Na ce, "Ranku ya daɗe, ƙwan kyauta na ba ku, wayar da ke bayansa ce kuke biya." Ya yi dariya ya biya. Amma na gaya masa iyakar abin da ya saya, don kada ya ɗora wa fitilar abin da ba za ta iya ba. Ita yawan mai take gani, ba ingancinsa ba. Sabon man birki na DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyas ko fiye, amma yana shan laimar iska, wanda ya sha ruwa kuma ƙa'idarsa ta sauko zuwa 140. Direban da ya sauko Hawan Kibo da lodi yana kwance a kan birki maimakon ya sa giya ta ɗaya ko ta biyu, mansa na iya tafasa birki ya nutse, tulu yana cike, fitila tana mace. Haka in robar cikin masta ta gaji mai yana zagayawa a ciki ba ya fita waje, ƙafa ce za ta ji birki yana sulalewa a hankali, fitila ba za ta sani ba. Tsofaffin a-kori-kura na Amurka wata hanya suka bi. Tun daga 1968 dokar can ta wajabta wa ƙananan motoci birki mai layi biyu da fitilar gargaɗi, su kuma suka sa wani ɗan fistin tsakanin layin gaba da na baya, in matsin ɗaya ya faɗi fistin ya goce ya taɓa suwic ya ba ƙwai bodi. Wancan sai an taka birki layi ya riga ya gaza yake magana. Na fulota yakan riga shi, domin tun mai yana raguwa yake faɗa. A kan hanyoyinmu, inda yoyo a hankali ya fi fashewar bututu yawa, na fi son na fulota.

Bayan 'yan makonni direban ya dawo ransa a ɓace. Ya ce, "Oga, aikin nan naku bai zauna ba. In na sha kwana ko na taka birki da ƙarfi sai ta ƙifta ta mutu. Da dare har cikin ido take shigar min. Ko dai a cire ta kawai?" Ban taɓa waya ko ɗaya ba, na ce ya buɗe bonet. Mai ya sauko yana gab da layin MIN. A daidai wannan matakin, in mota ta karkata mai ya tuttule gefe ɗaya, fulota ta sauka na ɗan lokaci, fitila ta ƙifta. Ya ce to bari ya sayo mai ya ƙara. Na ce ya dakata. Gaskiya ne mai yakan ragu a hankali yayin da fad ɗin birkin gaba ke cinyewa, domin fistin yana ƙara fitowa mai yana cike bayansa, amma wannan aikin watanni ne, kuma mu da hannunmu muka cika tulun nan zuwa MAX ranar da muka wanke shi. Man ya tafi wani wuri.

Bakanike ya duba ƙafafu huɗu, a bushe. Ya bi bututai har zuwa bawul ɗin da ke saman aksil na baya, wanda ke rage wa ƙafafun baya ƙarfi in ba lodi, nan ma a bushe. Ƙasan motar ba ɗigo. Sai ya shafa yatsa a fuskar sabo, daidai ƙarƙashin inda masta ya zauna, fenti ya biyo yatsan a murmushe. Ya kwance noti biyu ya ɗan jawo masta gaba, bayan ya jiƙe, robar ƙarshe ta saki, mai yana bin sandar yana shiga cikin sabo inda ido ba ya kai wa. Da ya zura ɗan tiyo ya zuƙo, sai da ya fitar da abin da ya kusa cika kofin shayi. Aka aika Ƙofar Ruwa aka sayo wani masta, aka wanke sabo aka duba robarsa, aka mayar da tulun da muka wanke a kan sabon, aka soka soket ɗinsa, aka fitar da iska daga ƙafar da ta fi nisa zuwa ta kusa. Direban ya buɗe makulli, ta caji da ta birki suka kama tare, ya tayar da inji, ya sauke birkin hannu, ya ja motar ya tafi ɗaukar lodinsa.